Bisa Ashirin

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran kayen yara
a lakkol ɗin Bukoki.
Alli ya sake ni, jan alƙalami ya ƙi.
In fansho ya faɗo ƙarshen wata
sai in ware jikka huɗu a aljihun hagu,
kabu-kabu ya kai ni shagon Kosi,
in zaɓo ɗaliba guda, mai dogon wuya.

Firiji ba shi da amana a Yamai,
wuta kan zo da hantsi ta fice ba sallama.
Randar Tabita ce masaukin kwalba,
can ƙasa, inda sanyi ke kwana,
da faifai bisa kai.

Asabar, tsakiyar bazara.
Ja ce, ƴar Sifen.
Ta hau teku, ta yi zaman jira a Kwatano,
rana ta dafa ta bisa babbar mota daga Gaya har Doso,
duk wahalar na nan a bakinta.
Hanci ya ce: dabinon da ya daɗe a buhu,
da sabon takalmin fata.
Harshe ya ce: tsamiya ce ta yi sallama,
ɗanyar kanya ta biyo ta, ta ɗaure mini dasashi.
Takwas bisa ashirin.
A gefe na rubuta: da ta huta, da ta fi haka.

Bayan la'asar Alhaji Nomau kan shigo
da butar shayinsa da kaskon gawayi.
Benci ɗaya, kowa da bakinsa.
Ko kofina bai taɓa taɓawa ba,
amma sai ya tambaya: Mushe, yau me ta ce maka?
In karanta masa.
Ya ce dabino, tsamiya, kanya,
dala ɗari ta saye su duka a Katako,
har da takalmin in ka iya ciniki.
Na ce shayinka sha uku, sukari ya rufe ganye.
Ya ce Allah ya shirye ka.
Na ce amin, har da mai shayi.

Daren Kirsimeti.
Fara, Rifkatu ta kawo tsaraba.
Gwaibar da ba ta gama nuna ba,
lemun tsamin da aka yanka da wuƙa mai sanyi,
can baya kuma jiƙaƙƙen dutsen bakin kogi.
Da gasasshen giwan ruwa na ci ta,
kifin ya yi magana, ita ta amsa.
Sha biyar.
Rifkatu ta ce kofi ɗaya, Baba, jininka na hawa.
Tana ƙirga murafun da nake tarawa a gwangwanin madara,
ni kuma ina ɓoye biyu a cikin safa.

Jiya.
Kosi ya ce ta arha ce, takardarta ma ta ɗaye.
Na zuba, na juya kofi, na kai hanci
don in kama ta da laifi.
Sai ga zoɓo yana tafasa da kanumfari,
ga citta, ga hayaƙin ƙirare a bakin zane,
ga Tabita tsugune tana fifita murhu,
tana ce mini matsa, kana tare mini haske.
Damina uku ke nan da rufe ta a Yantala.

Na riƙe kurɓin a baki har ya yi ɗumi.
Jemagu suka wuce zuwa kogi.
Wuta ta dawo, fanka ta kama juyi ita kaɗai a ɗaki.

Nomau ya ce nawa ta ci?
Na duba layin, na duba alƙalami.
Na ce ban gyara ba tukuna.

Bai ƙara tambaya ba.
Ya ɗauraye ƙaramin kofinsa,
ya zuba mini na biyu,
bai sa sukari da yawa ba.